Ramin da Irmiya Ya Haƙa wa Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a Suleja tun tana amsa sunanta na da, wato Abuja, in ya ce maka bai san Irmiya mai rijiya ba, to ruwan rafi ya yi ta sha har ya bar garin. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya ranƙwafa tun kafin tsufa ya zo, kullum yana tafe kansa a sunkuye. Kada ka yi saurin yaba masa ladabi, ba ladabi ba ne, ƙasa yake dubawa. Ka gaishe shi a hanya zai amsa da kyau, har ya tambayi iyali, amma idonsa na can kan wani suri ko gindin ɓaure da ke bayanka.

A wani ƙauye na kan duwatsu, can bayan Fankshin, aka haife shi. Boko bai gan shi ba, sai ajin majami'a inda ya koyi haɗa baƙi har ya iya bin littafin waƙa da yatsa. Yana tasowa yunwa ta kora shi Bukur haƙar kuza, kuma tun da ya shiga cikin ƙasa a nan bai sake fitowa sosai ba har tsufansa. Ranar da wani rami ya rufta da mutanen da suka karya kumallo tare, sai ya saɓa digarsa ya bi ayarin masu haƙa wa hukumar En'e rijiyoyi. Suka yi Akwanga, suka yi Keffi, suka yi ƙauyukan da shi kansa ya manta sunansu, matarsa Asabe na biye, tukwane a ka, 'yarsu Jummai a goye. Da suka iso Abuja ta sauke kayan a unguwar Magajiya, ta zauna a kan ƙullin, ta ce, "Baban Jummai, in za ka wuce ka wuce. Ni wuyana ya gaji." Ayari ya yi gaba, Irmiya ya kama ɗaki haya a gidan wani mai sayar da goro, Malam Almu.

Ƙasar Abuja kuwa ba ta da mutunci ga mai rijiya. Sama-sama baƙar ƙasa ce mai laushi, ta yaudare ka. Ƙarƙashinta jar marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu, daga nan sai dutse mai rai wanda in diga ta same shi sai ka ji a haƙoranka. Ruwan kuma ba shimfiɗe yake a ƙasa kamar tafki ba, yadda masu gida ke zato. A maƙale yake nan da can, cikin ruɓaɓɓen dutsen da tsagogin na ƙasa. Wannan gida a sami ruwa a gaba uku, maƙwabcinsa da katanga kawai ta raba su a yi gaba goma a fito da ƙura. Irmiya ba shi da na'ura, ba shi da laya. In ya yi nisa a rami sai ya ajiye diga, ya manna tafin hannunsa a bango, nan da nan da can, inda ya ji ya fi sanyi nan zai bi. In an tambaye shi asirin sai ya ce, "Sanyi nake bi, ba wani abu." Ya yi ta bin sanyin nan har hannun ya daina shawara da kai.

To amma aikin ya ci shi. Gwiwa ta tafi, baya ya tafi, ga wani tari da ya samo tun ramin kuza, mai tashi da shi kafin zakara. Wajen shekarar 1977, lokacin da ake ta maganar za a gina sabon birni a kudu da garin har a karɓe masa suna, Irmiya ya koma yasar tsofaffin rijiyoyi da ciro gugan da ya faɗa. Kowa na zancen famfo da injin haƙa, wa zai tsaya jiran tsoho da tafin hannunsa? Bai yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. In ya dawo da yamma sai ya zube a kan benci a tsakar gida, ya miƙe ƙafa har a kawo tuwo.

Asabe kunun zaƙi take sayarwa a bakin kasuwa. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ƙasa ta karɓe, Jummai kaɗai ta tsaya. Ita ma ta auri wani malamin gona aka tura su Mubi, tafiyar da in mutum ya yi ta sai ya yi mako yana jinyar ƙugunsa. Zannuwan Asabe ba su da yawa, amma wajen ɗaurin ɗankwali, kai, duk matan zumunta na majami'arsu ba mai kama ƙafarta. Ko kunu za ta kai kasuwa sai ta tsaya ta ɗaura shi ya zauna daram, da kunnen ɗaurin ɗaya a tsaye ta gefen hagu. Irmiya kan ce mata, "Sarauniyar Ingila ce za ta sayi kunun?" Ita kuma ta ce, "Kai dai je ka shiga raminka."

A ɗakin da ke kallon nasu akwai wani malamin makaranta mai suna Sylvester, mutumin kudancin Zariya, mai rediyo da son labari. Wata yamma bayan an ci abinci ya jawo kujerarsa kusa da bencin, da lemo a hannu.

"Baba Irmiya, yau na samo maka aiki," in ji shi. "Ka san bara Amurkawa sun sauke na'ura a wata duniya da ake kira Mas? Dutse ce da jar ƙasa, kamar marmarar nan taku. Ba kogi, ba tafki. Amma masana na zaton akwai ruwa a ƙarƙashinta, sai dai daskararre ne. Ƙanƙara ce kwance cikin ƙasa da tsagogin duwatsu."

Irmiya bai ko ɗago ba. Ya ce, "Gaba nawa?"

Malam Sylvester ya yi dariya har da buga cinya. Ya ɗaga lemon, ya nuna samansa da gindinsa, ya ce a nan inda rana ba ta da ƙarfi, ƙanƙarar na kusa, ƙila shebur ma ya isa. Ya zagaya tsakiyar lemon da yatsa, ya ce a nan ƙugu inda rana ke duka, sai ta gudu can ƙasa, wani wurin ma babu ita sam. "Ƙasar da ke kanta ita ce bargonta. Shekaru dubbai tana nan ba ta narke ba."

"Mu fa, a ina muke a jikin namu lemon?"

"Kusa da ƙugu."

"Shi ya sa," in ji Irmiya. "Ashe can ma wahalar mai rijiya ɗaya ce." Ya miƙa hannu ya karɓi lemon ya ɓare.

A bazarar da ta biyo Asabe ta kwanta. Ƙafa ta kumbura, ciki ya ƙi abinci, aka je asibiti aka dawo da magani, jiki dai sai baya yake yi. Ta hana a aika wa Jummai, wai kada a tayar da yarinya a kan ɗan zazzaɓi. Sai da ta ji abin ya zo sannan ta kira mijinta. A ƙauyensu, in uwa ta rasu, 'yarta mace ce ke ɗaura mata ɗankwalin ƙarshe kafin a rufe akwati, kuma Asabe ta ɗaura wa tata uwar da hannunta.

"Baban Jummai," ta ce, "kada ku rufe ni sai Jummai ta zo ta ɗaura mini. Ka ji ko? Kada ka bar ni in tafi da kai kamar mahaukaciya."

Ya ce, "Na ji."

"Ba na ji ba. Ka yi alkawari."

Ya yi. Washegari da hantsi rai ya yi halinsa.

Malam Sylvester ya hau kekensa ya je gidan waya ya buga tangaraho Mubi. Amma tangaraho sai ya isa, sai an nemo gidan, sai Jummai ta sami mota, ta sauka ta sake wata, ta sake wata. Ga zafin bazara, irin wanda kwanon rufi ke ƙara da tsakar rana. Kuma a lokacin ba inda talaka irin Irmiya zai kai gawa a ajiye masa cikin sanyi.

Malam Almu, mai gidan, ya kira shi zaure. Sun shekara da shekaru tare, ba su taɓa sa-in-sa ba. Ya ce, "Irmiya, ka san mu da a wurinmu ne, da yanzu an dawo daga maƙabarta. Raina bai kwanta da a kwana da gawa a gidan nan ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma matarka ce, alkawarin kuma naka ne. Abu ɗaya na roƙe ka. In ta fara sauyawa, kada ka wulaƙanta baiwar Allah nan, ta yi zaman mutunci da mu." Irmiya ya ce ya yarda.

Mai ƙanƙara ɗaya ce a kasuwa, Iya Folasade, Bayarabiya mai sayar da ɗanyen kifi da lemon kwalba, wadda rumfarta ke kusa da inda Asabe ke ajiye tukunyar kunu. Motar da ke kawo mata kaya daga Kaduna sau ɗaya take zuwa a mako, kuma Allah ya sa ranar ce. Ta zo gidan tana kuka tana faɗa a lokaci guda, yadda ta saba yin komai. Ta ce kifin ya ruɓe in ya ga dama, ƙanƙarar makon nan duka ta Asabe ce. Da azahar aka turo ta a kura, manya-manyan curi masu tsawon hannu, suna hayaƙin sanyi, yaran unguwa na bi suna lasar abin da ya ɗiga. Ta kawo har da akwatinta na katako da buhunan garin katako, amma akwatin bai ɗauki ko rabi ba.

"Baba, na akwati ku fara da shi," ta ce. "Sauran ku nema masa wuri mai sanyi, ku rufe da garin katako da buhu. In ya zauna, zai kai ku har yarinya ta zo."

Matan zumunta suka gyara Asabe a kan gadonta, suka jera ƙanƙara a naɗe cikin buhu ta kowane gefe, suka sa kwanoni a ƙasa don tarar ruwa, suka zauna suka fara waƙa ƙasa-ƙasa. Irmiya ya tsaya a tsakar gida yana kallon sauran curin na zufa a inuwar katanga. Wuri mai sanyi a Abuja, cikin bazara? Sai maganar lemon nan ta faɗo masa. Ƙasa ce bargonta, kuma mu da ke kusa da ƙugu sai an yi ƙasa sosai. Ya shiga ɗaki ya jawo digarsa daga ƙarƙashin gadon da matarsa ke kwance.

Bai yi shawarar wurin ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Can bayan gidan, gindin wani ɓaure, kusa da tsohon suri. Samarin majami'a suka ce, "Baba, kawo mu yi maka," ya ce su dai su tsaya a sama su ja bokiti. Gaskiyar magana ba zai iya zama yana jin waƙar nan ba, kuma a duniya ba abin da ya iya yi da baƙin ciki in ba haƙa ba.

Ya wuce baƙar ƙasa. Ya shiga marmara, rami ya kai masa ƙirji, busasshe ƙayau. Masu bakin magana sun ce daga baya ai nan ya kamata ya tsaya, kuma gaskiyarsu, amma ranar suna ina? Ya manna tafinsa a bango ya ji ɗumi, ɗumin ranar da ta yini tana dukan ƙasa. Ya za a yi ya sa ƙanƙarar Asabe cikin ɗumi? Ya ci gaba. Tari ya taso ya tsaya ya yi, ya ci gaba. Rami ya shanye kansa, marmara ta ƙare, diga ta fara shiga ruɓaɓɓen dutse. Ya sake manna hannu. Ta kusurwar da ke wajen ɓauren ya ji shi, sanyin nan da ya sani, mai ratsa tafi har gwiwar hannu. Ya bi shi kaɗan, ya faɗaɗa wurin, ya share ƙasan ya yi sumul. Tun safe sai lokacin ya ji numfashinsa ya sauka.

Ya shimfiɗa garin katako mai kauri, aka zuro masa curin ɗaya bayan ɗaya da igiya, ya jera su, ya cusa garin katako a tsakaninsu, ya lulluɓe da buhuna. Da ya fito aka ɗora katakai a bakin ramin, aka sa zana, aka zuba ƙasa. Ya ce kada kowa ya buɗe, buɗewa ke shigar da zafi, sai ta akwati ta ƙare. Malam Sylvester da ya dawo ya ga aikin, ya ce, "Baba, wannan dabara ce." Kowa ya ce dabara ce.

Ta akwati ta yi ƙoƙari. Safe da yamma mata na sauya buhuna suna zubar da ruwan kwanoni, fuskar Asabe na nan kamar mai barci, kanta a rufe da farin ƙyalle kawai, ana jiran mai ɗauri. Irmiya ya mai da tasha wurin zamansa. Duk motar da ta shigo ta hanyar Keffi sai ya miƙe, gwiwa na ƙara, ya leƙa fuskokin da ke saukowa, ya koma ya zauna. Abinci in an tura masa ya taɓa, in ba a tura ba bai tambaya ba. Haka aka kwana, aka sake kwana.

Da safen da akwati ya koma garin katako jiƙaƙƙe, Irmiya ya tafi wurin ramin da samari biyu da igiya. Suka kwashe ƙasa, suka yaye zana. Tun kafin a ɗaga katakon farko hancinsa ya gaya masa. Ƙanshin jiƙaƙƙen dutse ne, ƙanshin da duk rayuwarsa in ya ji shi yakan yi kirari a cikin rami, masu gida su yi guɗa a sama. Aka ɗaga katako. Garin katako na yawo a kan ruwa, buhuna sun nutse, ga wasu 'yan gutsattsarin ƙanƙara kamar ragowar sabulu suna juyi a hankali.

Ya kama igiya ya sauka. Ruwa ya kai masa cinya. Ya ɗiba a tafi ya kai baki, ya ji ɗanɗanon dutse, ba na narkakkiyar ƙanƙara kaɗai ba. Ya laluba kusurwar nan da ƙafa, ya ji idon ruwa na motsi a ƙarƙashin yatsunsa. Wayyo, shi da ya sha gaya wa masu gida su yi haƙuri, ruwa ba ya tsattsafowa ranar haƙa sai rami ya kwana! Shi da ya san sanyin da tafinsa ke bi ba komai ba ne sai damshi! Ya sani sarai, ya fi kowa sani a garin nan. Amma ranar ba kansa ne ya yi haƙar ba, hannun ne, hannun kuwa abu ɗaya aka koya masa. Ya tsaya a cikin ruwan har samarin suka tsorata suka fara kiran sunansa.

Ya tsince gutsattsarin a bokiti aka ja. Duka-duka ba su cika shi ba.

Malam Sylvester ya zo bakin ramin ya dafe kai. Ya ce, "Baba, laifina ne. Ni na ba ka labarin nan, ban gaya maka ba can duniyar sanyinta ya wuce misali, ruwa ba ya gudu a ƙasarta. Tamu ba haka take ba."

"Ba kai ka riƙe digar ba, Malam," in ji Irmiya. "Ba ni hannu in fito."

An yi abin da za a iya. Iya Folasade ta zazzage rumfarta ba ta sami ko ƙwaya ba, motarta kuma sai wani makon. Malam Sylvester ya tari mota zuwa Tafa, inda manyan motocin Kaduna ke tsayawa, ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya ko akwai mai ɗauke da kifi, ya dawo da rana tsaka hannu rabbana. Abin da ke bokiti ya kai su azahar da ƙyar. Mata suka yi ta fifita, suka kunna turare. Can wajen la'asar shugabar matan zumunta, wata dattijuwa da suka yi shekaru suna zama benci ɗaya da Asabe, ta fito ta durƙusa gefen Irmiya ta ce a hankali, "Baba, lokaci ya yi fa." Malam Almu na tsaye a ƙofar zaure yana jira.

Irmiya ya dubi hanyar tasha ta saman katanga, ya daɗe. Sannan ya ce, "A kira Fasto."

Da aka kawo akwatin gawa dattijuwar ta buɗe adakar Asabe ta ciro ɗankwalinta shuɗi na ranar Lahadi. Ta ce, "Ni ma kamar 'yar'uwa nake gare ta, bari in ɗaura mata." Irmiya ya ce a'a. Shi ya yi alkawari, in za a karya to ya karye a hannunsa, kuma ba zai so Jummai ta zo ta ji wata mace ta tsaya a wurinta ba. Ya karɓi ɗankwalin. Yatsunsa masu kauri ne, duk faso, sai kama zaren suke yi. Shekara da shekaru matar nan na ɗauri a gabansa kowace safiya, bai taɓa tsayawa ya ga ta ina ake farawa ba. Ya ɗago kanta da hannu ɗaya, ya naɗa, ya zame. Ya kwance ya sake. Ya nemi kunnen ɗaurin nan na gefen hagu, ya ƙi tsayawa. Daga ƙarshe ya ƙulle shi ta baya irin ƙullin igiyar guga, don shi kaɗai ya san ba zai kwance ba. Ɗaurin ya fito a karkace, ya rufe mata gira ɗaya. Matan suka kau da kai, ba wadda ta sa hannu, shi kuma ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Kafin rana ta faɗi an rufe ta. Samari ne suka haƙa kabarin, Irmiya bai ko leƙa ya ga irin ƙasar ba.

Da safe wata maƙwabciya ta zo tana murza hannu, ta gaishe shi da rashi, sannan ta ce rijiyarsu ta ƙafe tun watan jiya, ko za a bari su ɗan ɗiba a ramin nan na gindin ɓaure? Ba rashin kunya ba ne, bazara ce. Ya ce, "Ku ɗiba." Bai je tasha ba ranar, ƙafar ta ƙi.

Rana ta take tsaka Jummai ta shigo, jaka a hannu, ƙafafu a kumbure, jar ƙasar hanya har cikin gashin ido. Ta ga an share tsakar gida, ta ga bencinan majami'a an jingine su a bango, ta ga ƙofar ɗakin a buɗe an ɗaga labule ana shan iska. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta ajiye jakar a inda take tsaye. Kukan ma ta riga ta yi shi a mota ya ƙare, sai ta tako ta durƙusa a gaban bencin ubanta.

"Baba, na zo."

"Sannu da hanya, uwata."

"Yaushe?"

"Jiya da yamma. Ta ce a jira ki. Na yi mata alkawari. An kawo ƙanƙarar da za ta isa, ni na sa ta inda ruwa ya cinye. Ba laifin kowa ba ne, ni ne."

Jummai ta dubi hannuwansa a kan gwiwa. Can ta ce, "Wa ya ɗaura mata?"

"Ni."

"Kai, Baba? Ka iya?"

"Ban iya ba. Ya karkace. Ya rufe mata gira ɗaya, Jummai. Haka ta tafi."

Sai Jummai ta kai hannu ta kwance ɗankwalin kanta, ta kaɗe ƙurar, ta miƙa masa. Ta juya ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ta ba shi baya, yadda take zama a gaban uwarta in za a yi mata kitso.

"Nuna mini yadda ka yi," ta ce.

Ya naɗa, ya ƙulle ta baya, ɗaurin ya zamo ya rufe mata gira. Dattijuwar zumunta da ke bakin ƙofa ta taso za ta gyara, Jummai ta ɗaga mata hannu. Da shi a kanta haka ta miƙe, ta kama ubanta ta tashe shi, ta ce ya zo ya kai ta wurin Mama.